Huɗuba A Kan Tantance Labarin Abinci Da Magani Kafin A Buga Shi Ko A Yaɗa Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam, ya ba shi ji da gani da hankali, ya sanya jikinsa ya zama amana a hannunsa. Muna shaidawa babu abin bauta da gaskiya sai shi kaɗai, ba shi da abokin tarayya, kuma muna shaidawa Annabi Muhammadu bawansa ne, manzonsa ne, mai gaskiya abin gaskatawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina wasiyya, ina yi muku, da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane, a cikin abin da muke faɗi da abin da muke rubutawa.

Ya ku ƴan uwa Musulmi, kun ga yadda magana a kan abinci da magani ta cika gari. Ana sayar da ƙananan littattafai a ƙofar masallaci da tashar mota, ana raba takardu ranar Juma'a, ana sayen fili a gidajen rediyo masu zaman kansu, saƙonni kuma suna shigowa salula dare da rana ta WhatsApp da Facebook. Wannan ya ce ganye kaza yana warkar da ciwon sukari cikin kwana 7, wancan ya ce garinsa yana wanke ƙoda, wani kuma ya haɗa cuta 40 a kwalba guda. Da yawansu suna buɗewa da aya ko hadisi, suna rufewa da roƙon a tura wa jama'a don neman lada. Shi ya sa zancen ya zama namu a kan mumbari, domin da sunan addini ake shigar da shi gidajenmu, kuma rayukan Musulmi ne ke tafiya idan ya kasance ƙarya.

Umurnin Allah A Kan Bincike

Allah Maɗaukakin Sarki ya umurce mu a cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu nemi tabbacin labari idan wanda ba amintacce ba ya zo da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Malaman tafsiri da dama sun ce ayar ta sauka ne a kan wani manzo da aka aika karɓar zakka wurin Banul Musɗalaƙ, ya komo ya ce sun ƙi, har aka kusa tura musu runduna, alhali kuwa suna nan kan Musuluncinsu. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, ya hane mu bin abin da ba mu da ilminsa, ya sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. A cikin Suratun Nur, aya ta 15, ya zargi waɗanda suke karɓar magana daga harshe zuwa harshe, suna ɗaukar ta abu mai sauƙi, alhali babba ce a wurinsa. Kai, ko Annabi Sulaimanu (A.S.), da alhudahuda ya kawo masa labarin ƙasar Saba'i, bai gina hukunci a kansa nan take ba, sai da ya ba shi takarda don a jarraba gaskiyarsa, kamar yadda ya zo a Suratun Namli.

Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana mana, mutum ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Ku lura, ba a sharɗanta sai ya ƙirƙira da kansa ba, isarwa ba tare da bincike ba ta wadatar. Buhari kuma ya ruwaito daga Samuratu ɗan Jundubu mafarkin da aka nuna wa Annabi (S.A.W.) wani mutum ana tsaga gefen bakinsa har zuwa ƙeya, aka ce shi ne mai fita daga gidansa ya yi ƙaryar da za ta kai sasannin duniya. A da sai mai doki ko mai raƙumi ke kai magana nesa. Yau yaro yana zaune a Tasawa, ya danna salula, kafin la'asar maganarsa ta kai Agadas da Kano da Makka.

Kyakkyawar Niyya Ba Ta Ɗauke Alhaki

Wani zai ce: ni alheri na nufa. To saurari abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir (R.A.). Sahabbai suna cikin tafiya, dutse ya fasa kan ɗayansu, sannan janaba ta same shi. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga haka ba tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya yi fushi, ya jingina kisan gare su, ya zarge su da rashin yin tambaya tun da ba su sani ba, ya nuna cewa tambaya ita ce maganin jahilci. Waɗannan mutane ba su ƙi ɗan uwansu ba, tsarki suka so masa, amma duk da haka ba a karɓi uzurinsu ba.

Haka kuma Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Maja sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani, alhali ba a san shi da ilmin likita ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Wanda ya rubuta wa mutum dubu magani a takarda ya fi wanda ya ba mutum guda a ɗaki kusa da wannan hukunci.

Irin wannan ya faru a zamaninmu, a maƙwabtanmu. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Legas, wani saƙo ya bazu a Najeriya cikin dare guda cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi suna kare mutum. Uwa ta kira ɗanta, aboki ya tashi abokinsa daga barci, kowa don ƙauna. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce aƙalla mutum 2 sun mutu a sanadin shan ruwan gishirin, wasu da dama kuma an kwantar da su asibiti. Babu ɗaya daga cikin masu turawa da ya tsaya ya tambayi wa ya faɗa, ina kuma ya samo.

Ma'aunin Da Malamanmu Suka Bar Mana

Ya ku bayin Allah, ba mu da uzuri a wannan babi, domin al'ummarmu ce ta gaji ilmin tantance labari mafi tsanani. Sayyidina Abubakar (R.A.), da Mugiratu ɗan Shu'uba ya ba shi labarin gadon kaka, sai da ya nemi wani ya tabbatar, Muhammadu ɗan Maslama ya tashi ya shaida. Sayyidina Umar (R.A.) ya yi wa Abu Musa haka a kan hadisin neman izini sau 3, har Abu Sa'idul Hudri ya zo ya shaida. Ba tuhumar su aka yi da ƙarya ba, al'umma aka koya wa neman shaida ta biyu. Ibnu Sirina, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya yi gargaɗi a duba daga wa ake karɓar ilmi. Daga baya malaman hadisi suka tattara sharuɗɗa 5 na ingancin labari. Duk wanda ya zauna a medersa ko a zauren malam ya haddace su. Abin da ya rage shi ne mu ɗora labarin lafiya a kan wannan ma'auni.

Sharaɗi na farko shi ne saduwar isnadi, kowane mai ruwaya ya ji daga wanda ke samansa har zuwa tushe. Idan takarda ta ce "masana sun gano" ko "wani likita a Misra ya tabbatar", wannan yankakken isnadi ne. Wane masani? A wace jami'a ko asibiti? A wace shekara? A ina aka buga binciken, har wani ya iya zuwa ya duba? Maganar da aka kasa bin sawunta zuwa tushe ba ta cancanci tawada ba.

Na biyu shi ne adalcin mai ruwaya. Malamai sun riƙa duba ko mutum yana da wata riba a cikin abin da yake ruwaitowa. Sun sami wata magana da aka jingina wa Annabi (S.A.W.) cewa harisa, wani abinci na alkama da nama, tana ƙarfafa gadon baya. Da suka bi diddigi sai suka tarar wanda ya ƙirƙira ta mai sayar da harisa ne. Haka yake har yau. Idan ƙarshen bayani lambar wayar mai magani ce da farashin kwalba, to shaidar mutum ce a kan hajarsa, kuma alƙali ba ya karɓar shaidar da mai ita ke jawo wa kansa amfani da ita.

Na uku shi ne kiyayewa, wato mai ruwaya ya isar da magana yadda take, ba ƙari ba ragi. A sha'anin jiki wannan yana komawa ga awo. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo, idan ba a sami ƙunshin asibiti ba, awonsa shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan haɗi ya ceci rayukan yara masu ɗimbin yawa a duniya. Amma idan mai bugawa ya yi tuntuɓen alƙalami ya musanya lambobin, ya sa 6 a gaban gishiri, abin da ya buga guba ce ga jariri. Wanda bai iya kiyaye cokali da lita ba, kada ya rubuta wa uwaye komai.

Na huɗu shi ne rashin saɓa wa waɗanda suka fi shi aminci da yawa. Zogale abinci ne mai albarka, ganyensa yana ɗauke da ƙarfen da jini ke buƙata da sinadarin da ke taimakon ido, kuma Allah ya wadata fadamun Gulbin Maraɗi da shi. A ci shi a kwaɗo, a sa shi a miya, a ba yara. Amma wanda ya rubuta cewa garin zogale ya wadatar wa yaron da tamowa ta yi wa tsanani, har ƙafafunsa suka kumbura, ya saɓa wa abin da idanunmu suka gani. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara sama da dubu 60 masu matsananciyar tamowa a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma da abincin nan na gyaɗa da madara da aka auna sinadaransa, tare da maganin cututtukan da ke rakiyar tamowa, aka tashe su da izinin Allah. Haka wanda ya ce zogale ko tafarnuwa sun ɗauke wa mai ciwon sukari allurarsa, ko mai Sida ƙwayoyinsa, maganarsa bauɗaɗɗiya ce, a jefar da ita.

Na biyar shi ne kuɓuta daga ɓoyayyar illa, wadda gwanaye kaɗai ke hangowa. Bincike yana iya zama gaskiya an yi shi, amma a kan ɓeraye, ko a kan mutum 10, ko ba a gwada shi da waɗanda ba su sha maganin ba. Mura takan tafi da kanta cikin mako guda, saboda haka duk abin da mutum ya sha a rana ta 6 zai rantse shi ne ya warkar da shi. Likitan nan Musulmi Abubakar Ar-Razi, wanda ya rayu a Rayyu da Bagadaza sama da shekara 1000 da suka wuce, ya gane wannan. Ya ba da labarin yadda ya yi wa wani rukuni na majinyata magani, ya bar wani rukuni da gangan, don ya kwatanta ya sami tabbaci. "Na sha na warke" labarin mutum guda ne, ba a gina wa al'umma hukunci a kansa.

Kada wani ya fahimci cewa muna raina itatuwan da Allah ya tsirar. Maganin zazzaɓin cizon sauro mafi ƙarfi da ake ba yaranmu a asibiti daga wani tsiro na dangin tazargade aka samo shi. Wata masaniya ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, tare da abokan aikinta, suka ciro sinadarinsa a 1972 bayan sun duba tsoffin littattafan maganin ƙasarsu, aka gwada, aka auna, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. A 2020 kuma Madagaska ta fito da wani tsimi na irin wannan tsiro ta ce yana maganin korona, aka rarraba shi a ƙasashen Afirka kafin a gwada shi yadda ya kamata, ba a kuwa tabbatar da wannan da'awa ba. Tsiron guda ne, bincike ne ya raba tsakaninsu.

Ƙarya Ga Manzon Allah A Babin Abinci

Mafi munin wannan duka, ya ku Musulmi, shi ne jingina wa Annabi (S.A.W.) abin da bai faɗa ba, alhali hadisi mutawatiri ya yi wa mai yin haka da gangan alkawarin mazauni a wuta. Babin abinci yana daga cikin inda maƙaryata suka fi yin ɓarna tun da can. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya tara da yawa a littafinsa na ƙirƙirarrun hadisai. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya kawo maganar da ke cewa yalo yana biyan duk buƙatar da aka ci shi dominta, ya ce abin da ido ke gani ma ya ƙaryata ta, tun da matalauci bai taɓa wadata da cin yalo ba. Shi ne kuma ya bayyana cewa sananniyar maganar nan da ke kiran tumbi gidan cuta ba hadisi ba ce, zancen Harisu ɗan Kalada ne, likitan Larabawa. Maganar da ake yawan ji a watan azumi, mai cewa a yi azumi a sami lafiya, malamai irin su Hafizul Iraƙi sun raunana isnadinta. Bai halatta a riƙe ta a tilasta wa mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda azumin da likita ya hana shi ba, alhali Allah ya yi wa majinyaci rangwame a Suratul Baƙara.

Akwai kuma nassi ingantacce da ake ɗora wa abin da bai ɗauka ba. Hadisin habbatus sauda yana cikin Buhari da Muslim, mun yi imani da shi. Amma Ibnu Hajar ya kawo a sharhin Buhari fahimtar Imam Al-Haɗɗabi cewa lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi. Hadisin bai faɗi awo ba, bai kuma ce a bar sauran magani ba, kuma Annabin da ya faɗe shi ya yi ƙaho, ya umurci a nemi magani. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa da wani ya ji rauni aka kira mutum 2 daga Banu Anmar, sai Annabi (S.A.W.) ya tambayi wanne ne ya fi sanin magani a cikinsu. Ashe neman wanda ya fi ƙwarewa sunna ce.

Haka zuma. Allah ya ce akwai waraka a cikinta ga mutane, a Suratun Nahli aya ta 69, kuma gaskiya ne. Sai dai likitoci sun tabbatar cewa tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta mai shanye jiki, wadda hanjin babba ke rinjaya amma na jariri bai iya ba, don haka ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Mai ciwon sukari kuma ya sani zuma da dabino sukari ne a jininsa, sai da awo. Wanda ya buga falalar zuma ya bar waɗannan biyu, ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari kuwa shi ne mai kisa.

Ina faɗin wannan magana tawa, ina neman gafarar Allah gare ni da ku, ku nemi gafararsa, lalle shi mai gafara ne mai jin ƙai.

Huɗuba Ta Biyu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, kirana na farko ga ma'abota alƙalami ne: masu rubuta littattafai, masu maɗaba'a, masu shirye-shiryen rediyo, ƙungiyoyin addini masu fitar da mujallu irin wannan tamu, da duk mai tara jama'a a salula yana karantar da su. Ku ɗaura wa kanku waɗannan ƙa'idoji, ku riƙe su riƙon amana.

Kowane rubutu ya fito da sunan mai shi da abin da ya karanta. Malamin fiƙihu ya tsaya a fiƙihu, likita ya tsaya a likitanci, domin Allah ya umurci a tambayi ma'abota sani, kowane fanni kuwa da ma'abotansa. Annabi (S.A.W.) da kansa, a ƙissar barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, ya mayar wa manoma sanin sana'arsu.

Kada a buga aya sai da sura da lamba, kada a buga hadisi sai da wanda ya ruwaito shi da darajarsa. Kada a buga maganar lafiya sai ta sami shaidu 2 da ba daga juna suka ɗauka ba, sannan likita ko mai ilmin farmasi ko ma'aikacin kula da abinci, wanda ba shi da hannu a rubutun, ya karanta ta. Lambobi da awo kuwa mutum 2 su bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a kai maɗaba'a.

A raba talla da karantarwa. Idan an biya kuɗi, a rubuta a sarari cewa talla ce, kuma akwai tallar da ba a karɓa ko nawa aka bayar. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince, a ƙarƙashin OMS, da ƙa'idar hana tallar madarar gwangwani ta jarirai ga jama'a, saboda yaran da suka halaka bayan an raba su da nono aka dama musu madara da gurɓataccen ruwa. Abin da ya tabbata shi ne a ba jariri dakashi tun sa'ar farko, kada a zubar da shi, domin shi ne garkuwarsa ta fari. A ba shi nono zalla wata 6 ba tare da ruwa ba, ko da a zafin bazara, tun da sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, daidai da abin da ya zo a Suratul Baƙara aya ta 233. Haka kuma a rufe ƙofa ga tallar ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa mata da ƴan mata a kan tebur, domin a cikinsu akwai masu tara ruwa a jiki, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi.

A sa wa kowane bayani shekararsa, domin ilmin likita yana tafiya. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi a Yamai, aka buga a 1992, ya nuna ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin masu wannan ciwo. Marubuci mai amana zai kawo duka biyun, ya kuma faɗi abin da babu saɓani a kansa: kanwa da gishiri da dunƙulen miya idan sun yi yawa suna nauyaya wa zuciya, kuma OMS ta ba da shawarar babba ya tsaya ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali guda ke nan.

Idan kuskure ya fita, a gyara shi a inda ya fita, da girman da ya fita. Allah ya sharɗanta wa masu ɓoye gaskiya, a Suratul Baƙara aya ta 160, tuba da gyarawa da bayyanawa. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa cewa komawa ga gaskiya ya fi zarcewa cikin ɓata. Wanda ya yi kuskure a shafin farko ya ɓoye gyaran a lungun shafin ƙarshe bai bayyana ba. Kuma kada marubuci ya ji kunyar barin abin da bai tabbatar ba. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, hakan kuwa bai rage masa daraja ba, shi ne dai limamin Madina.

Kirana na biyu gare ku ne, jama'ar masallaci. Idan takarda ko saƙo ya zo hannunka, tambayi abu 3: wa ya faɗa, ina ya samo, me zai samu idan na yarda? Ka yi hattara da maganin da aka ce yana warkar da komai, da wanda aka ce likitoci suna ɓoye shi, da wanda aka haɗa da rantsuwa cewa sai ka tura wa mutum 10. Allah ya zargi masu gaggawar watsa labarin aminci ko na tsoro a Suratun Nisa'i aya ta 83, ya nuna a mayar da shi ga masu iya tono gaskiyarsa. Ka ɗauki takardar ka kai wa ma'aikacin asibitin unguwarku, matambayi ba ya ɓata. Mai hawan jini da mai ciwon sukari da mai tarin fuka kada su ajiye maganinsu saboda maganar kasuwa. Magidanta ku isar da wannan ga iyalanku, domin mata ne ke riƙe da tukunya da jariri, kuma su aka fi nufa da waɗannan tallace-tallace. Idan saƙo ya tsaya a hannunka ba ka tura ba saboda ba ka tabbatar ba, babu zunubi a kanka. Idan ka tura ya cutar da wani, kana da kaso a ciki, ko da ba ka taɓa sanin sunansa ba.

Ya Allah ka nuna mana gaskiya ka ba mu ikon bin ta, ka nuna mana ƙarya ka ba mu ikon guje mata. Ya Allah ka tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Ya Allah ka ba majinyatanmu lafiya, ka jiƙan mamatanmu, ka raya ƴaƴanmu cikin ƙoshin lafiya da imani, ka sa albarka a hannun likitocinmu da ungozomominmu. Ya Allah ka ba mu damina mai albarka, ka kare ƙasarmu daga yunwa da annoba da fitina, ka shiryi shugabanninmu zuwa ga abin da ka yarda da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ku tashi a tsai da salla, Allah ya yi muku rahama.